Wayar ɗiyanmu: tambayoyin da iyaye suke yi mani a rumfa da abin da nike ce masu

Salamu alaikum jama'a. Ni gyaran waya nike yi a nan Tawa, canza ekaran, bakin sarji, cire kod in an manta da shi, irin waɗanga dai. Da can abin da ke kawo mutum rumfata shi ne waya ta faɗa ruwa ko ta ƙi ɗaukar wuta, amma yanzu wallahi da wuya sati ya wuce wani uba ko wata uwa ba su zo sun ja benci sun rage murya sun ce mani "don Allah akwai abin da nike so ka sa mani cikin wayar yarinyar ga" ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, na gaji da maimaita amsa a vokal, shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda kowa ya karanta. Ni ba malami ba ne ba kuma alƙali ba, uba ne mai ɗiya biyar, babbarsu tana turwaziyem, ajin ƙarshe na kolej, bana, kenan abin da ke hana ku barci ni ma shina hana ni.

Wai ina da haƙƙin duba wayar ɗana ko babu?

Kana da shi Alhaji, kada wani ya ruɗe ka. Kai ka sayi wayar, kai ke sa mata forfe, layin ma da katin shaidarka anka yi rajistarshi tunda yaro bai da nashi, in wani abu ya ɓaci ta kan lambar ga ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Kuma kowa ya san hadisin da ke cikin Buhari da Muslim cewa dukkanmu makiyaya ne kuma za a tambayi kowa abin kiwonshi. Masu cewa ai dokar Turawa ta hana, su ma ba su karanta ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, sashe na 16 ya ce kada a kutsa cikin sirrin yaro ba bisa ƙa'ida ba, gaskiya ne, amma sashe na 5 ya ba iyaye jagorancin ɗiyansu daidai da yadda hankalinsu ke girma. Ta Afirka kuma wadda anka tsara a Adis Ababa a 1990 ta ma fi hitowa fili, a sashe na 10 wurin da ta yi maganar sirrin yaro nan take ta ce iyaye suna da haƙƙin sa ido gwargwadon hankali kan halin ɗiyansu.

Kalmar da nike so ka riƙe ita ce gwargwado. Haƙƙin akwai shi, rigimar duka tana kan yaya za ka duba, da sanin wa, kuma har zuwa yaushe.

To ai Alƙur'ani ya hana bin diddigi, ayar ta shafi ɗan da ka haifa?

Ayar tana cikin Suratul Hujurat, ta 12, kuma tun kafin ta kai ga hana tajassusi sai da ta fara da cewa a nisanci yawan zato. Wanga jeri shina ba ni mamaki duk sa'ad da na tuna, don haka abin yake tahiya a gidajenmu, zato ne farko, daga nan sai a ɗauki wayar yaro shina wanka. Hukuncin yadda ta hau kan uba da ɗanshi wanga na malamai ne, ku tambaye su. Abin da ni na lura da shi dai, a Suratun Nur aya ta 58 an ce a koya wa yaran da ba su balaga ba neman izini lokaci uku, kafin asuba, da tsakar rana, da bayan lisha, ta 59 kuma ta ce in sun balaga su nemi izini kamar manya. Kenan addini shina son yaro ya tashi ya san akwai ƙofa, akwai sallama. Yaya za ka koya mashi haka alhali kai ta taga kake shigar mashi?

Ka bar wa'azi malam, za ka iya sa mani abin da zan riƙa ganin WhatsApp ɗinta ba ta sani ba?

Iyawa daban, yi daban. Ba ni yi, ko nawa za a ba ni, kuma zan faɗi dalili don kada a ce girman kai ne.

WhatsApp tun 2016 saƙonninshi a kulle suke tahiya daga waya zuwa waya, ba Airtel ba Moov ba Zamani, ba mai iya buga maka abin da ɗiyarka ta rubuta, duk wanda ya ce ka turo mashi lambarta da jikka biyar zai haɗa ka da saƙonninta daga nesa ɓarawo ne, kuɗinka zai ci ya biloke ka. Hanyoyin gaskiya biyu ne. Ta farko a ɗauki wayarta a haɗa asusunta da wata waya ta wurin nan da anka rubuta Appareils connectés, shina ɗaukar har na'ura huɗu. Amma jerin shina nan cikin wayarta, ranar da ta shiga wurin za ta ga baƙuwar na'ura da lokacin da anka buɗe ta, kuma ɗiyan yanzu suna shiga, sun fi mu sanin lungunan. Ta biyu a sa mata aplikasiyon leƙen asiri, irin waɗanda ke ɓuya suna kwashe saƙo da hoto da wurin da mutum yake suna aikawa wani wuri. To wanga wani wurin shi ne matsalar. Kafin hotunan ɗiyarka su iso gare ka sai sun kwana cikin kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa da ba ka san ko su wa ne ba. A 2018 an gano wani mai suna TeenSafe, wanda don iyaye anka yi shi, ya bar adireshin imel na yara da kalmomin sirrinsu a buɗe a intanet. mSpy an sha kwashe bayanan masu amfani da shi, har a 2024. LetMeSpy an fasa shi a 2023 ya rufe. Kai da ka tahi kare sirrin gidanka sai ga shi da hannunka ka miƙa wa duniya. Ban da haka yawancinsu ba ta Play Store ake samo su ba, sai an kashe tsaron wayar kafin su zauna, suna shan bateri suna cinye forfe, yarinya ta kawo mani waya ta ce tana zafi, in buɗe in ga abin. Sau nawa haka ta faru.

Akwai wata rana da ba ni mantawa. Wata yarinya da ba ta wuce sha shida ba ta kawo Tecno ɗinta, da hijabin lakwal a jikinta, ta ce sarji ba ya kai mata azahar. Na duba na ga abin, na yi shiru ina tunanin yadda zan faɗa, sai ita ta riga ni, ta ce "Baba na san shina ciki, wata uku kenan, babanmu ya sa aka sa. Ni dai baterin nike so ka duba." Na ce to kin yi mashi magana? Ta yi ƴar dariya ta ce mi za ta ce, ai wanga wayar ta gaisuwar dangi ce da gurup ɗin aji, abin da duk ya dame ta a wayar ƙawarta take yin shi. Uban shina can hankali kwance shina karanta "ina kwana Gwaggo" kullum da safe shina cewa alhamdu lillahi ɗiyata shiryayya ce. Wataƙila shiryayyar ce, Allah ya sa, amma shi dai bai sani ba, kuma ya toshe hanyar da zai sani.

Amma in na faɗa mashi zan duba ai gogewa zai yi kafin in karɓa?

Zai iya. Wanda kake dubawa a ɓoye ma shina gogewa. Akwai saƙon da ke ɓacewa da kanshi bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90, akwai hoton da sau ɗaya ake buɗe shi, tun 2023 WhatsApp ya kawo kulle hira har da lambar sirrin da ke ɓoye ta gaba ɗaya, Infinix na da XHide, akwai wata aba mai kamar kalkuleta in ka danna lambobi sai ta buɗe rumbun hotuna. Kuma mafi yawan ƙazantar da ke yawo tsakanin yara a nan ba ta ma bi ta koneksiyo, a fada ake tura ta da Xender ko a ba juna kart memwar, ba rezo ba forfe ba alama. In tseren dabara za ku yi da ɗan shekara sha biyar, Alhaji ka faɗi tun ba a fara ba.

Dubawar da yaro ya san da ita amfaninta ba kama ɓarawo ba ne. Amfaninta ya san akwai ido, kamar yadda muka taso mun san duk dattijon unguwa zai iya tsawata mana, sai ka ga mutum ya fasa abu tun bai yi ba. Kuma tana ba yaro abin fakewa, in abokai sun matsa mashi ya shiga wani gurup sai ya ce a'a tsohona shina duba wayata. Na ji yara da bakinsu suna faɗin haka.

Kenan sai na nemi izinin ɗan da na haifa?

A nan nike rabuwa da masu cewa sai yaro ya yarda. Mu faɗi gaskiya, ɗan shekara goma sha ɗaya da ka ce ma ko ka yarda in duba ko in karɓe waya, ya ce na yarda, wanga ba yarda ba ce, ba shi da zaɓi. Kada mu yaudari kanmu mu sa mata suna mai daɗi. Abin da yake binka shi ne sani da ji. Ya san mi za ka duba, mi ba za ka duba ba, domi, kuma sai yaushe za a sassauta. Sannan ka saurare shi, in ya ce Baba hirata da wane ka bar ta don sirrin gidansu yake faɗa mani, ka auna maganar, don wanga ma wani abu ne da iyaye ke mantawa, cikin wayar ɗanka akwai sirrin ɗiyan mutane, ƙawar da ta faɗa mata iyayenta na shirin rabuwa ba kai ta faɗa ma ba.

Lokacin da ya fi dacewa a yi wanga magana shi ne ranar da waya ta shigo gida tana cikin kwalinta. A ranar duk sharaɗin da ka kafa mai sauƙi ne. In ka bari sai bayan shekara biyu ka zo da shi, ya zama tuhuma.

In yaro ya kai sha shida sha bakwai kuma, a nan yardar tashi ta fara zama ta gaske, don saura kaɗan ya tahi jami'a ko Yamai ko ya bi ƴan uwanshi bida, inda ba ido ba kod. Gara ya fara koyon riƙe kanshi shina gabanka.

Mi ne Family Link ɗin ga da ake faɗi, shina aiki?

Shina aiki, kuma shi kam ina sa wa mutane, da sharaɗin yaron shina zaune a bencin ana yi. Na Google ne, kyauta, ya hito a 2017. Ana buɗe wa yaro asusunshi a haɗa da na uba ko uwa. Daga wayarka kana ganin awa nawa ya yi a kowace aplikasiyo, kana ƙayyade lokaci, kana sa wayar ta kulle da dare, ba ya sauke komi daga Play Store sai ka amince, kuma kana ganin inda wayar take in tana kunne da koneksiyo. Abin da ba ya yi shi ne karanta saƙo, ba za ka ga hirar WhatsApp ba, kuma yaro shina ganin ana kula da wayar, ba ɓoyayyen abu ba ne. Masu iPhone nasu shina ciki tun 2018, Temps d'écran. TikTok ma shina da nashi haɗin iyali tun 2020, kuma in an sa shekarun gaskiya, wanda bai kai 16 ba ba shi da akwatin saƙo, wanda bai kai 18 ba kuma ana tsayar da shi bayan minti 60 a yini sai ya sa kod. Matsalar ita ce kusan duk yaron da na buɗe asusunshi sai in ga wai an haife shi 1995. Ku fara gyara wanga.

Abu guda, wurin da yake nunawa wurin waya ne ba wurin yaro ba. Waya na iya kwana gidan kaka mai ita shina wani kartiye.

Shekara nawa ya kamata a ba yaro babbar waya?

Facebook, TikTok, WhatsApp duk 13 sunka rubuta, kuma wanga lamba ba likitoci sunka auna ta ba, asalinta wata dokar Amurka ce ta 1998 da ta hana kamfanoni tara bayanan ƴan ƙasa da 13 ba da izinin iyaye ba. Ostareliya ta ga bai isa ba ta yi doka a ƙarshen 2024 ta kai shi 16 ga irin su Facebook da TikTok. Faransa tun 2018 ta hana waya a firamare da kolej. Ni ra'ayina, ɗan firamare ba ruwanshi da waya tashi ta kanshi. Ɗan kolej ƙaramar Itel mai madannai ta ishe shi a kira shi ya kira, in mushe ya turo darasi a gurup ya duba a wayar gida a tsakar gida. Babbar waya sai bayan jarrabawar birbe, ko da yake a gidana babbar ɗiyata ta riga ta samu tata. Na san wasu za su ce na tsaurara, to, ni ke ganin cikin wayoyin.

Maigidana shina Abijan, shi ya aiko ma yaron waya, ni kuma ban yi lakwal ba. Yaya zan yi?

Hajiya wanga tambaya taki ita ce ta rabin gidajen Adar. Uba shina Kwaddibuwa ko Libiya ko Aljeriya, ya aiko waya don a riƙa ganin juna, kuma yaron ne ke karanta maki saƙon Nita in kuɗi sun zo, shi ke sa maki kiredi, shi ya sa kod ɗin wayarki ma. Wa ke duba wa kenan?

Kada ki raina kanki. Abin da ya fi muhimmanci ba karatu yake so ba. Kin san ƙarfe nawa ya kwanta, kin san in ya daina cin tuwo, kin san in waya ta yi ƙara ya zabura ya hita waje, kin san in ya zo da takalmin da ba ke kinka saya ba. Waya ta kwana ɗakinki, wanga ba ya son boko. Vokal kuwa kunne yake so, kina da shi. Ki ce ya zauna kusa da ke ya nuna maki abin da ke ba shi dariya a TikTok, ki yi dariyar tare da shi in ta dariya ce, a nan za ki ga irin abin da wayar ke kawo mashi, don abin da mutum ya saba kallo shi take ƙara turo mashi. Family Link kuma uban zai iya riƙe shi daga can inda yake, in an haɗa sau ɗaya shi kenan.

Abin da nike roƙonki, kada ki ɗauki wayar ƙanwa ki ba wanta ki ce ya bincika maki. Na ga inda wanga ya kai. Yaro ɗan sha tara ya samu sirrin ƙanwarshi, bai faɗa ma uwar ba, ya riƙe abin shina juya ta da shi, wankinshi ita, kuɗin da anka ba ta nashi. In dole sai an samu mai karanta maki, ki nemi babba mai riƙe baki, ƙanwarki ko gwaggonta, kuma yarinyar tana wurin. Haka ɗiyar riƙo da ɗiyar kishiya, in ba ke ce za ki rufa asirin abin da kinka gani ba to kada ki buɗe.

Ai ɗiya mata ne abin tsoro, namiji ko ya yi mi?

Cikin goma da ke zo mani da wanga buƙata kusan duka wayar yarinya suke nufi. Amma wayoyin samari da nike gyarawa su ne cike da cacar ƙwallo, yaro ya saci jikka ya sa ya ci sau ɗaya shi kenan ya kamu, su ne cikin gurup ɗin da ake raba hotunan ɗiyan mutane, su ne ake ma tallan tahiya ta hamada da kuɗin banza. Hoton yarinyar da ya watsu a gari, ɗan wani ne ya watsa shi, kuma uban nan bai taɓa tambayar mi ke cikin wayar ɗanshi ba. In za a kafa doka a gida a kafa ta kan kowa.

Na riga na duba a ɓoye kuma na ga abin da bai yi mani daɗi ba. In yi magana?

Kada ka yi a daren. Ka kwana da shi tukuna. Sannan ka raba abin biyu, akwai na ƙuruciya, zagi, shirme, wani ɗan ajinsu ya ce shina sonta ta mayar da hoton zuciya, akwai kuma na haɗari. In na ƙuruciya ne, ka tuna wasiƙun da munka rubuta a takardar kaye muna ba ƙanne su kai, da iyayenmu sun karanta su da ba mu iya haɗa ido da su ba har yau.

In za ka yi maganar, ka faɗi gaskiyar yadda ka sani. Kada ka ce wani ya faɗa maka, za ta zauna tana zargin ƙawayenta da ƴan uwanta a banza, kuma ranar da ta gano ƙarya ka yi, duk nasihar da ka haɗa da ita ta zube. Cewa "na duba wayarki ba ki sani ba, tsoro ne ya sa ni, daga yau in zan duba zan faɗa maki" ba ya rage ma uba komi. Kuma don Allah ban da tara jama'a, ban da tura hoton hirar a gurup ɗin dangi wai a taya ka faɗa. Abin da ya shiga gurup ya shiga gari.

Babu lokacin da za a duba ba tare da sanarwa ba kenan?

Akwai. In yaro ya ɓace, in ya fara maganar ya gaji da duniya ko ka ga alamar shina cutar da kanshi, in ka ga ƙwaya, in wani babba ne ke kiran yarinya da tsakar dare shina aiko mata kuɗi shina ce mata kada ta faɗa ma kowa, in ka ji ƙishin ƙishin wasu na jan shi zuwa ga masu ɗaukar makami. A nan ba a jiran sallama, gida na cin wuta ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Amma dalili ne da ka gani da ido, ba "jikina ya ba ni" ba, kuma ka ɗauki wayar ka duba ne sau ɗaya don abin da ya taso, bayan haka ka faɗa mashi ka duba. Wanga daban yake da zama shekara kana karanta hirar mutum kamar mai sauraren rediyo.

Wani na yi ma ɗiyata barazana da hotonta, ya ce ta turo kuɗi ko ya watsa. Mi za mu yi?

Farko, in ita ta zo ta faɗa maki da bakinta, ki gode ma Allah ki rungume ta, faɗa ya jira. Masu wanga aiki da tsoron iyaye suke cin abinci, sun san yarinya ta gwammace ta sayar da ɗan kunnenta da a ji a gida. Kada ku biya, wanda anka ba sau ɗaya shina dawowa. Kada ku goge hirar, ku ɗauki hoton ekaran da lambar da lokacin, sannan a biloke shi. Kada ku tura hoton kanshi ga kowa ko da sunan shaida, hoton tsiraicin yaro riƙe shi da yaɗa shi laifi ne. Ku kai ƙara komisariya ko jandarma, Nijar tana da dokar laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta watan Yuli 2019, kuma ƴan sandan bincike suna da sashen da ke bin irin waɗanga. Daga nan a kawo wayar a sa mata tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, a rufe hoton fuska ga baƙi, a hana kowa jefa ta gurup ba izini, a koya mata lambobi shidan nan da ke zowa ta saƙo ba a ba kowa su ko da ya ce shi ma'aikacin kamfani ne.

Tunda kana sa Family Link, ka sa mani a wayar matata mana.

A'a. Matarka ba ɗiyarka ba ce, kuma shiga wayar baligi a ɓoye dokar laifukan intanet da na ambata ta hana. Ka je ku yi magana.

Ni yaro ne, shekarata 16, Baba shina karɓe wayata duk sa'ad da ya ga dama ya karanta komi. Mi zan yi?

Ɗana, na san da ciwo. Amma kada ka biye ma abokai ka sayi ta biyu ka ɓoye, ranar da anka gan ta duk gaskiyarka ta ƙare. Tsohonka tsoro yake ji, abin ga bai taso da shi ba, kullum kuma shina jin labarin ɗan wane da ɗiyar wane. Ka samu lokacin da ya ci ya sha shayi, ko ka bi ta wurin Inna ko kawunka da yake jin maganarshi, ka ce Baba ban hana ka dubawa ba, amma ina roƙon in za ka duba in kasance wurin, kuma hirar abokaina da sunka ba ni amana a bar ta. Ka riƙa nuna mashi abu da kanka tun bai tambaya ba. In sakamakon lakwal ya yi kyau, sallah ba a tashe ka sau uku ba, za ka ga hannun shina sakewa a hankali.

Kai a gidanka yaya kake yi?

Akwai wani tsohon kwanon silba a kan tebur ɗakin uwarsu, bayan lisha da kamar awa ɗaya duk waya can take kwana, a nan multipiris yake, in da kuran su sha wuta in babu su kwana haka. Babbar ɗiyata na san kod ɗinta, ita ma ta san na sani, mun yi da ita in zan duba sai tana zaune, kuma ban buɗe hirarta da ƙawayenta mata, ina duba sababbin lambobi ne da gurup da awowin TikTok. Da farko duk Juma'a ne, yanzu sai in yi wata biyu ban taɓa ba. Mun yi in ta samu birbe Family Link zai sauka, kwanon dai shina nan.

Ranar da na kafa dokar kwanon, ƙaramin, ɗan shekara bakwai da ko waya bai da ita, ya tsaya ya dube ni ya ce "Baba taka fa?" Na ce tawa ta aiki ce, masu gyara na kira. Ya ce da dare ma ana gyara? Uwarsu ta juya baya tana dariya. Tun daga ranar tawa ma cikin kwanon take kwana, shi ya sa masu turo mani vokal ƙarfe sha ɗaya na dare kuke ganin sai da safe nike amsawa, ku yi haƙuri.